Wa Ya Tsaya Maka? Tarihin Ƙetare Iyaka da Mota, Daga Mashigar Wudil Zuwa Littafin Kwastan

Shekaru kaɗan da suka wuce, wani kawuna, dillalin shanu a kasuwar Kara ta Wudil, ya ɗauki motarsa ya tafi ta'aziyya a ƙetaren iyaka. Mamacin abokin cinikinsa ne na fiye da shekara 20. A wurin shiga aka karɓi takardun motar, aka rubuta lambarta a wani ƙaton littafi, aka miƙo masa wata 'yar takarda mai hatimi. Ya ninke ta ya jefa a aljihun mota. Bayan an yi sadakar bakwai sai wani ya nuna masa yanke ta cikin ƙauyuka, ya biyo ta ya dawo gida, bai sake bi ta wancan ofishin ba.

Bayan wata biyar ya koma da motar don ɗaurin aure. Jami'in da ke bakin aiki ya buɗe littafi ya ce, "Alhaji, ai wannan motar ba ta fita daga ƙasarmu ba." Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ta a gabanka, da asuba na taso da ita daga Wudil." Jami'in ya ce, "A wurinka ta fita. A littafina tana ciki, kuma wa'adinta ya daɗe da wucewa." Kwana biyu motar ta yi a ajiye, sai da ɗan marigayin, wanda sananne ne a garin, ya zo ya tsaya masa, aka biya tara, sannan aka ba shi makullinsa. Da ya dawo ya ce da ni, "Kai da ka yi boko, gaya mini: ni an ce in wuce, motata aka riƙe. Ni da ita wa ya fi zama abin tsoro?"

Amsar tambayar Kawu tana da tarihi, kuma wani yanki na tarihin ya bi ta kan hanyar da ta ratsa garinmu.

A idon kwastan, mota haja ce

Matafiyi yana ganin motarsa abin hawa ce, kamar takalmin ƙafarsa. Jami'in kwastan kuwa haja yake gani, mai tsada, mai tafiya da kanta. Duk ƙasar da ke karɓar kuɗin fito a kan motocin da ake shigowa da su don sayarwa tana da fargaba guda: kada mutum ya shigo da sunan baƙo, ya sayar da motar a ciki, ya hau motar haya ya koma gida, baitulmali bai sami ko kwabo ba. Fasfo yana amsa tambayar "wane ne kai?" Takardun mota kuwa wata tambayar suke amsawa: idan wannan motar ba ta fita ba, wa zai biya? A taƙaice, wa ya tsaya maka? Duk wata takarda da aka ƙirƙiro a kan wannan al'amari cikin shekaru fiye da 100, ƙoƙari ne na amsa wannan tambaya.

Fito da mai masauki

Kalmar da muke kiran harajin kwastan da ita ma tana ɗauke da tarihinta. Asalin "fito" shi ne ƙetarar da mutum da kayansa daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan. Wudil gari ne na bakin kogi, a inda ruwan Challawa da na Kano, bayan sun haɗu, suke gangarawa zuwa Haɗeja. Kafin a yi gada, mai nufin gabas da damina dole ya nemi masu fito, ya kuma biya su. Daga irin wannan biya na mashiga kalmar ta faɗaɗa, har ta zama sunan abin da hukuma ke karɓa a kan kayan da suka ƙetaro iyaka.

A zamanin ayari, fataken da ke zuwa Gwanja neman goro, ko Buzayen da ke kawo gishirin Bilma, ba su riƙe da littafin jaki ko na raƙumi. Amma ba haka kawai suke wucewa ba. Madugu ne ke magana da yawun ayari, shi ke kai gaisuwa ga sarkin ƙasar da za a ratsa, shi ke daidaita abin da za a biya. In an sauka a zango ko a birni, mai masauki ne ke ɗaukar nauyin baƙonsa: ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya lamunce bashin da ke tsakani. Wannan tsari bai mutu ba. Duk wanda ya shiga Karar Wudil ran Juma'a zai ga baƙon da ya kawo shanu daga nesa ba ya ciniki sai ta hannun dillalinsa, domin idan saniya ta zama ta sata, dillalin za a kama. Lamuni a wancan tsari mutum ne mai suna da gida da mutuncin da yake tsoron zubarwa.

Zuwan Turawa ya sauya wurin da ake tsayawa. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903. Yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 suka raba ƙasar Hausa biyu, sannan tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamomin iyaka daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi. Da farko gwamnatin Lugga ta kafa nata harajin ayari a cikin gida, aka soke shi a 1907. Sannu a hankali wurin biya ya tashi daga ƙofar gari da bakin kogi, ya koma kan wannan sabon layi mai tsawon kimanin kilomita 1,500, wanda ya bar Katsina a wani gefe, Maraɗi a wani.

Dabarar masu keke

A daidai wannan lokaci Turai na fama da irin wannan matsala a tsakanin ƙasashenta. A ƙarshen ƙarni na 19 yawon shaƙatawa a kan keke ya zama yayi. Mai keke daga Ingila in ya isa Faransa ko Beljiyam sai a ce ya ajiye kuɗin fiton kekensa, in ya zo fita a mayar masa. Wanda zai ratsa ƙasa uku sai ya ɗauki jakar kuɗi iri uku, ya kuma yi fatan ofishin da zai fita ta nan yana da abin da zai biya shi.

Ƙungiyoyin masu yawo suka samo mafita: ƙungiya ta tsaya wa ɗanta. Suka fito da takarda mai ɓangare uku wadda ke aiki a ƙasa guda. Da motoci suka yawaita, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka tattara irin waɗannan takardu a littafi ɗaya mai amfani a ƙasashe da yawa. Sunansa da Faransanci Carnet de Passages en Douane, ana taƙaita shi da "karne". Manyan ƙungiyoyi biyu ne ke kula da shi har yau: AIT, wadda asalinta ya koma 1898, da FIA, wadda aka kafa a Paris a 1904. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba tsarin gindin zama da yarjejeniyar da aka ƙulla a New York ranar 4 ga Yuni, 1954, a kan shigar da motocin hawa na ɗan lokaci.

Yadda yake aiki ba wuya. Mai mota zai ajiye kuɗi ko lamunin banki a wurin ƙungiyar ƙasarsa, ta ba shi littafi mai shafi 5 ko 10 ko 25, mai aiki na shekara guda. Kowane shafi kashi uku ne. Ranar shiga jami'i zai yage kashi na ƙasa ya riƙe. Ranar fita a yage na tsakiya. Na sama yana nan a jikin littafin, ɗauke da hatimin shiga da na fita. In kwastan ta ga tana da takardar shiga babu ta fita, ba za ta nemi matafiyin ba, ƙungiyar da ta tsaya masa za ta bi bashi, ita kuma ta cire daga ajiyarsa. Girman ajiyar ya danganta da ƙasar da za a je. Akwai lokacin da mai neman karne a Ingila don shiga Masar sai ya kawo lamunin da ya ninka darajar motarsa sau takwas.

In an lura, wannan shi ne aikin mai masauki, sai dai an mayar da shi takarda. Abin da Kawu ya jefa a aljihun mota ƙanin wannan littafi ne: rabin alkawari, wanda ba ya cika sai an kai ɗaya rabin.

Hanyoyi biyu da suka haɗu a Kano

Motoci sun fara ratsa wannan yanki a shekarun 1920. Tsakanin Disambar 1922 da Janairun 1923 motocin kamfanin Citroën suka ƙetare Sahara daga Aljeriya zuwa Timbuktu, sannan wani ayarin kamfanin da ya taso a Oktoban 1924 ya bi ta Yamai da Damagaram zuwa Tafkin Chadi. A 1926 wani tsohon ɗan majalisar Ingila, Frank Gray, ya jagoranci ƙananan motoci biyu ƙirar Jowett daga Legas zuwa Massawa a gaɓar Bahar Maliya cikin kwana 60. A Disambar 1934 wasu mata biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur, suka sauko ta Tamanrasset da Agadas zuwa Kano, suka isa Cape Town a Yulin 1935.

Ta haka Kano ta zama mahaɗar hanyoyi biyu. Ɗaya ta sauko daga arewa ta hamada. Ɗayar ta nufi gabas: ta fita daga Kano, ta ƙetare kogi a Wudil, ta bi Potiskum da Damaturu zuwa Maiduguri, daga nan Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sai Abeche, sai Junaina da Fashir da Ubayyid a Sudan. Baturen da ya ƙetaro Sahara yana son zuwa gabashi ko kudancin Afirka, sau da yawa ta nan yake bi.

Amma mafi yawan masu bin wannan hanya ba 'yan yawon buɗe ido ba ne, maniyyata ne. Hanyar aikin hajji ce tun ana tafiya a ƙasa, ana shekaru kafin a isa, wasu ma su zauna a Sudan su zama 'yan can. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan motoci suka rage tafiyar zuwa makonni. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda taƙaitaccen sunanta, WAPA, ya zama sunan wurin da 'yan canji suke a Fagge yau. Aikin irin waɗannan wakilai ya haɗa da mota da takardu da sanin wanda za a gani a kowace iyaka, tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransa da Sudan. Bature yana tafe da littafin ƙungiyarsa, Bahaushe yana tafe a bayan sabon madugu. Daga baya jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, hanyar ta koma ta 'yan kasuwa.

Bambancin mulkin mallaka ya bar wata matsalar a kan titi. Nijeriya ta gaji tuƙi ta hannun hagu daga Ingila, alhali Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey duk ta dama suke bi. Direban da ya ƙetare Jibiya ko Kwangwalam sai ya sauya hannu nan take. Ranar Lahadi, 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma hannun dama. Wasu ƙasashen yankin suna da dokokin da ke ƙyamar mota mai sitiyari a dama, kuma har yanzu suna tare baƙi. A 2024, lokacin da Pelumi Nubi ta tuƙo ƙaramar Peugeot daga Landan zuwa Legas, an tsayar da ita a iyakar Saliyo saboda gefen da sitiyarinta yake.

Lokacin da fargabar kwastan ta tabbata

A shekarun 1970 da 1980 hanyar Sahara ta cika da motoci. A 1974 wani tseren motoci da ya taso daga Landan zuwa Munich ya sauko har Kano kafin ya juya. A Disambar 1978 aka fara tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya sa sunan Agadas a bakin duniya. A bayan waɗannan akwai ɗaruruwan samarin Turai da suka gano wata sana'a: su sayi tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da araha a Faransa ko Jamus, su tuƙo ta ta Tamanrasset da Assamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, ribar ta biya musu kuɗin yawo da na jirgin komawa. Ɗan yawon buɗe ido da dillalin mota suka zama mutum guda. Yawancin irin waɗannan motoci kuwa idonsu na kan babbar kasuwa da ke kudu, inda gwamnati ke ƙoƙarin kare masana'antar haɗa Peugeot da ta fara aiki a Kaduna a 1975.

Tawayen Abzinawa a arewacin Nijar daga 1990, da yaƙin basasar Aljeriya daga 1992, suka kashe wannan hanya. Sace Turawa 32 a hamadar Aljeriya a 2003 ya ƙara rufe ta, aka kuma soke tseren Dakar na 2008. Amma cinikin bai mutu ba, teku ya koma. Motocin da muke kira 'yan Beljiyam suka riƙa sauka a tashar Kwatano da takardun wucewa zuwa Nijar, sannan su sulalo Nijeriya ta barauniyar hanya. Wannan ne ya sa gwamnatin tarayya ta hana shigo da motocin sayarwa ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017. Dokar ba ta hana baƙo shigowa da motar hawansa ba, amma ta ƙara wa kowace mota mai baƙuwar lamba nauyin zargi. Laifin ɗan fasa-ƙwauri, mai zuwa biki ke biyan wani kaso nasa a ɓata lokaci.

Alkawarin ECOWAS da iyakarsa

An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. Yarjejeniyar zirga-zirga da aka sa wa hannu a Dakar a Mayun 1979 ta yi magana a kan mota ƙarara: motar hawa mai rajista a wata ƙasar ƙungiyar tana iya shiga wata ta zauna har kwana 90, ta haya kuwa kwana 15, muddin direba ya nuna lasin tuƙi, da takardar mallaka, da inshorar da ƙasashen suka amince da ita, da takardar kwastan. Don cika sharaɗin inshora aka ƙirƙiro kati mai ruwan ƙasa a Kwatano a 1982, domin in motar Kano ta buge wani a Maraɗi a san wanda zai biya diyya. A aikace, maimakon karne mai tsada, ofisoshin iyaka sukan ba da takardar izinin wucewa ta ɗan lokaci, wadda a ɓangaren Faransanci ake kira lesefase. Irinta aka ba Kawu.

Sai dai alkawarin yana da iyaka ta fuska biyu. Ta fuskar ƙasa, hanyar da ta bi ta Wudil zuwa gabas tana fita daga ECOWAS da zarar an haye gadar Gamboru zuwa Fotokol. Kamaru da Chadi suna cikin wata ƙungiyar, katin inshorarsu ruwan hoda ne, Sudan kuma tana cikin masu kati ruwan ɗorawa. Tafiyar da kakanninmu suka yi a bayan madugu guda, yau tana bukatar kati kala uku, ban da biza, ban da rikicin Boko Haram da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, wanda ya ɗaiɗaita Junaina da Fashir.

Ta fuskar siyasa kuwa, takarda ba ta buɗe ƙofar da gwamnati ta rufe. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufe iyakar arewa har zuwa Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta zirga-zirgar 'yan ƙasashen uku har sai an cimma matsaya, amma abin da dā haƙƙi ne rubutacce, yanzu ya rataya a kan sanarwa. Duk lokacin da aka rufe iyaka, akwai wanda rufewar ta rutsa da motarsa a wancan gefe, wa'adin takardarsa na ƙarewa, shi kuma ba hanyar fita.

Giɓin da ya rage

Baturen da ya zo da karne yana da ƙungiya a bayansa. Babban ɗan kasuwa yana da ejan da banki. Mai ƙaramar mota daga Wudil ko Gaya ko Garko, wanda zai je suna a Matamaye ko jinya a Maraɗi, shi ne ya faɗa tsakiya: tsohon lamunin mutum da mutum ba shi da gurbi a doka, sabon lamunin takarda kuwa ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayaninsa. A cikin wannan giɓi 'yan kamasho suke rayuwa, a nan kuma "na goro" yake samun wurin zama, domin wanda bai san abin da doka ta ce ya biya ba, ba zai san abin da ba ta ce ba. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwar dabbobi, waɗanda suka san kowace mashiga, su ne suka fi dacewa su ɗauki wannan aiki na wayar da kai, ko ma na tsaya wa 'ya'yansu a hukumance, kamar yadda masu keken Turai suka yi.

Kafin a kai can, abin da tarihin nan ke koyarwa kaɗan ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sunan da ke takardar mota ya dace da na mai tuƙi, in ba haka ba a riƙe rubutaccen izinin mai ita. Lambar inji da ta jikin mota su dace da abin da aka rubuta. A riƙe takardar shaidar biyan kuɗin fito ta asali, domin a hanyar dawowa jami'an gida ma za su so su tabbatar ba sabuwar shigowa ba ce. A karanta ranar da wa'adi zai cika, a nemi ƙari kafin ta zo. A karɓi rasit a kan duk abin da aka biya. Sannan a fita ta ƙofar hukuma, a mayar da takardar, a ga an buga hatimin fita da ido.

Da na gama yi wa Kawu wannan bayani, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai mu ma a Kara haka muke yi. Baƙon da ya tafi bai yi sallama da dillalinsa ba, ba a ɗauka ya tafi ba." Tun daga ranar, in zai ƙetara, takardar a aljihun rigarsa take kwana, tare da kuɗin cinikinsa.